Injin Binciken Nukiliya na Zariya

Injin NIRR-1 ƙaramin injin nukiliya ne na bincike da koyarwa da ke Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ƙirar ƙasar Sin ne, ya soma aiki a 2004, kuma ba ya samar da lantarki: masana da ɗalibai kan saka ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci a cikinsa domin gano ma'adinan da ke ƙunshe.

Muhimmancinsa a fagen hana yaɗuwar makamai ya samo asali ne daga makamashin da aka fara zuba masa, wato yuraniyam da aka tace zuwa kusan kashi 90 cikin ɗari, irin wanda ake haɗa bam da shi. A 2018, da haɗin gwiwar hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA) da Amurka da Sin, aka musanya shi da na kashi 13, aka mayar da tsohon makamashin zuwa Sin. Gana ta yi haka da nata injin a 2017. Wasu na iya cewa an yi wahalar banza, tunda tsohon makamashin bai wuce kusan kilo ɗaya ba, alhali ma'aunin IAEA na bam guda kilo 25 ne. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin mai neman bam a ɓoye tarawa yake yi kaɗan-kaɗan, kuma harabar jami'a ba barikin soja ba ce. Bayan musanyar, injin ya ci gaba da aikinsa na bincike da horar da ɗalibai.