Aibi da Buƙata: Abin da ke Raya Taurarin Labaran Yara

Mas'alar da ke fuskantar duk wanda ya ɗauki alƙalami domin ya rubuta wa yara labari mai koyarwa ita ce, yaro ba ya riƙe darasi sai ya riƙe wanda darasin ya auku a kansa. Amma da yake galibin masu talifin littattafan makaranta nasihar ce ta fi damunsu, sai su ƙago wani yaro kamili, mai ladabi da tsabta, wanda ba ya ƙarya, ba ya makara, su ɗora masa wa'azin da suke nufi, alhali kuwa kafin a rufe littafin an manta sunansa. Da'awarmu a nan ita ce, tauraro ba ya zama a zuciyar yaro sai yana da aibi sananne, da buƙata mai tsanani, da harshe nasa na kansa, kuma hujjar haka tana nan cikin adabinmu.

Mu fara da Gizo, wanda babu malamin da ya taɓa sa yara su haddace halayensa, amma kowane ɗan Bahaushe ya san shi da kwaɗayi da lalaci da ƙarya, ya san tsamin bakinsa, ya san haƙurin da matarsa Ƙoƙi ke yi da shi. Hikimar da kakanninmu mata suka yi wajen gina shi ita ce, sun tabbatar da ɗabi'arsa, suka ɓoye hanyarsa: da zarar an ce Gizo ya hangi abinci a gidan Zaki ko na Kura, yaro ya riga ya san zai shiga, abin da bai sani ba shi ne ta inda zai fita, kuma wannan taraddadin ne ke hana shi barci har a ƙare tatsuniya. Tauraron da ba shi da naƙasa kuwa ba ya haifar da taraddadi, domin an san ƙarshensa tun daga farko.

Alhaji Abubakar Imam ya fahimci wannan ƙa'ida sa'ad da Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta nemi ya rubuta littattafan karatu na makarantu, aikin da ya haifar da Magana Jari Ce, juzu'i uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Da ya ga dama, da ya sa wani dattijon malami ya zauna yana yi wa ɗan sarki nasiha. Sai ya zaɓi aku, tsuntsu mai cika baki da yabon kai, ya kuma jefa shi cikin tsaka mai wuya, domin Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, Musa ɗan sarki yana neman fita, kuma akun ba shi da takobi ko dakaru da zai tsare shi face labari. Saboda haka kowane labari da ya bayar yana da amfani biyu, ibra ga mai karatu, da jinkiri ga Musa har gari ya waye. Asalin wannan tsari tsoho ne: a cikin Tutinama, wanda Nahshabi ya rubuta da Farisanci a ƙarni na 14, tsuntsuwar da ta yi wa uwargijiyarta wa'azi kai tsaye kashe ta aka yi, akun da ya bi ta hanyar hikaya shi ne ya tsira, ya kuma cim ma manufarsa. Haka kuma a cikin labaran kansu, Imam bai bayyana illar ragwanci da dogon sharhi ba, sai ya kawo Sahoro da Sahorama, ya bar ragwancinsu ya ba yara dariya, ya kuma kai su inda ya kai su.

Akwai shubuhar da wasu masu tarbiyya ke kawowa, kuma bai kamata a raina ta ba, wato cewa idan aka ƙawata wa yaro mai wayo da maƙaryaci, to shi zai kwaikwaya, musamman da yake Gizo sau da yawa yakan yi ɓarna ya haye rufin ɗaki lafiya. Jawabinmu shi ne, maganin wannan yana cikin aƙibar labari. Malaman adabi sun tafi a kan cewa Ibnul Muƙaffa, da ya mayar da Kalila wa Dimna zuwa Larabci a ƙarni na 8, shi ne ya ƙara babin shari'ar Dimna, domin kada Dimna, annamimin da ya jawo halakar wani bijimi, ya kwana lafiya. Bai rage wa Dimna fasaha ko balaga ba, ya dai sa ya biya. Wannan shi ne abin da ya wajaba a kan marubucin makaranta, ya bar wa tauraronsa aibinsa, sa'an nan ya sa aibin ya ci masa wani abu da yake ƙauna.

Saboda haka wanda zai rubuta wa yara labari kan wanke hannu, ko lissafi, ko gaskiya, ko a littafi ne ko a rediyo, ya kamata kafin ya tsara darasinsa ya amsa tambayoyi uku game da tauraronsa: me yake so har ya hana shi sukuni, wane hali ne nasa ke ɓata masa al'amari, kuma yaya yake magana da za a gane shi ko ba a ambaci sunansa ba. Idan amsoshin nan suka samu, darasin zai fito daga abin da ya auku, marubuci ba ya buƙatar ya tsaya a ƙarshen shafi yana fassara wa yara abin da suka riga suka gane.