Ɗakin laka na Tolpuddle

Kowace shekara idan watan Mayu ya kusa, ƴan ajina sukan tambaye ni inda sandika ta samo asali. Da ina ba su amsar da ke cikin littafi, ta masana'antun Turai da hayaƙinsu. Bana kuwa hoton wani ɗan ɗaki na nuna musu, wanda in a ƙauyukan Maradi ka gan shi za ka ce rumbun wani ne ya tsufa. Majami'a ce ta ƴan Metodis a Tolpuddle, wani ƙaramin ƙauye a yankin Dorset, kudancin Ingila, an gina ta a 1818.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne bangon. Na laka ne da aka cuɗa da ciyawa, aka ɗora bisa tushen dutse don kada damshi ya cinye shi. Ɗaki ɗaya ne, ba hasumiya, ba ado. Wani yaro ya ce, "Mushe, ashe Turawa ma suna gini da ƙasa?" Suna yi, talakawansu.

Su wa suka taru a ciki? Ƴan ƙwadagon gona, waɗanda ba su da ko taƙi ɗaya na kansu. Babbar majami'ar ƙauyen ta Cocin Ingila ce, inda masu gonaki ke zama a gaba. Ɗariƙar Metodis, wadda John Wesley ya kafa a ƙarni na 18, ta zo da wani tsari daban: manomi ko maƙeri yana iya hawa ya yi wa'azi ba tare da an naɗa shi limami ba. Mabiya sukan kasu ƙungiya-ƙungiya, wajen mutum 12, su haɗu kowane mako, kowa ya ajiye kwabo ɗaya. A irin wannan zama mutum yake saba wa karatu, da tsayawa gaban jama'a ya yi magana, da riƙe kuɗin mutane ya ba da lissafi. George Loveless, ɗan ƙwadago ne kuma mai wa'azi, yana cikin waɗanda suka tashi a wannan tarbiyya.

Da masu gonaki suka yi ta zabge lada har ta sauko sule 7 a mako, ana kuma maganar mayar da ita 6, sai Loveless da abokansa suka kafa ƙungiyar ƴan ƙwadagon gona a 1833. Kuɗin shiga sule ɗaya, sannan kwabo ɗaya a mako. Dubi kwabon nan da kyau, shi ne dai na majami'a ya sake riga.

Kafa ƙungiya ba laifi ba ne a lokacin, tun 1824 aka soke dokar da ta hana. Sai alƙalin yankin, James Frampton, wanda shi ma mai gonaki ne, ya nemi shawarar Lord Melbourne, ministan cikin gida, aka tono wata doka ta 1797 da aka yi saboda boren sojan ruwa, wadda ta hana rantsuwar asiri. Su kuwa sukan rantsar da sabon shiga a gaban zanen ƙwarangwal. A Fabrairun 1834 aka kama mutum 6: George da ƙaninsa James Loveless, Thomas Standfield da ɗansa John, James Brine da James Hammett. Aƙalla huɗu daga cikinsu a ɗakin lakan nan suke ibada. Kotun Dorchester ta yanke musu shekara 7 na aikin dole a Ostiraliya.

Sauran labarin sananne ne. An yi gagarumin jerin gwano a Landan, mutum kusan 800,000 suka sa hannu a takardar koke, aka yi musu afuwa a 1836. Daga baya biyar suka ƙaura Kanada. Hammett kaɗai ya koma ya zauna a Tolpuddle, can kabarinsa yake.

Ɗakin fa? Da jagororinsa suka watse, aka daina ibada a ciki, aka gina wata majami'ar a ƙauyen. Tsohuwar ta zama garken dabbobi da ma'ajiyar ciyawa fiye da shekara 100. Ni a ganina wannan wulaƙancin ne ya cece ta. Da ta faɗa hannun mai kuɗi, da tuni an rushe an yi sabuwa, yadda mu ma nan muke rushe tsohon masallacin unguwa na laka da zarar wani ya kawo gudummawar siminti, ba wanda ya tambayi hannun wa ya ɗora shi.

A 1934 haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta Birtaniya ta gina gidaje 6 a ƙauyen don tunawa da mutanen, kuma kowane Yuli ana babban taro a wurin. Duk waɗannan na bayansu ne suka yi musu. Kotun da aka yi shari'ar ta hukuma ce. Ɗakin laka shi ne nasu, tsayinsa da faɗinsa gwargwadon ƙarfin aljihunsu ne, kuma wanda ya kalle shi zai gane girman mutanen da gwamnatin Birtaniya ta ji tsoro. Ni Musulmi ne, ba ruwana da aƙidar da ake koyarwa a ciki, amma ina da katin sandika a aljihu, kuma na sha zama taron yajin aiki a aji na zana.

A 2015 wata ƙungiyar sa kai ta sayi ginin yana daf da zubewa. Masu gyara ba su sa masa siminti a bango ba, laka suka sake kwaɓawa suka cike inda ya ci, aka kammala aikin a 2023.