Daga Jiki Magayi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Littattafan Soyayya Da Shawara Ga Ɗalibai

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da wata ƙanwata ɗaliba ta yi mini a cikin jirgin ƙasa, muna dawowa daga Bronx inda muka je suna gidan wasu Hausawan Zangon Kumasi. Na ga tun da muka shigo abin sauraro na maƙale a kunnenta, tana ta murmushi ita kaɗai. Da na tambaye ta sai ta ce littafin soyayya ake karanta mata a YouTube, an kai kashi na sittin da wani abu, kuma har yanzu ba a ɗaura aure ba. Sai ta ce, "Yaya, don Allah babu littafin da mutum zai karanta ya gama a zama ɗaya ko biyu? Jarrabawa ta matso." Na yi mata alkawarin amsa, amma sai na ga amsar ba za ta cika ba in ba a koma baya ba.

A shekarar 1933 ne Rupert East, jami'in Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar ɗinsu, Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, shi ne ya taɓo soyayya: Abubakar na son Zainab, sai attajiri Malam Shehu ya zo da dukiya ya aure ta, shi kuma Abubakar ya ƙudurta ɗaukar fansa. Ke nan matsalar kuɗi da aure, wadda marubuta ke ta juyawa har yau, tana nan tun littattafan farko. Kowanne daga cikinsu kuwa siriri ne, kuma labarin yana ƙarewa a cikin bango ɗaya, domin hukuma ce ke biyan kuɗin ɗab'i, ɗaliban makaranta kuma ake nufi da su.

An daɗe maza kaɗai ke fagen. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wadda ita ce mace ta farko da aka buga wa littafin ƙagaggen labari da Hausa. Labari ne na Boɗaɗo, yarinya Bafulatana da ta nace sai ta auri wanda zuciyarta ta zaɓa, ko da yake ba ɗan ƙabilarsu ba ne.

Daga nan abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa, maza da mata, masu iya karanta boko. Sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya. Sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa a Kano. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila?, Bilkisu Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa. A nan ne al'adar littafi na ɗaya da na biyu da na uku ta kafu, domin marubuci ba shi da jarin buga labari dungum; sai ya sayar da na ɗaya ya sami kuɗin na biyu, dole kuma ya yanke labarin a daidai inda ran mai karatu zai biya.

Ba kowa ne ya yi maraba da su ba. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Malam Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su, suka daɗe suna muhawara a jaridu. A 2007 har an ƙona wasu littattafan a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Duk da haka labarinsu ya ƙetare teku. A 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Ingilishi ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, wadda Aliyu Kamal ya yi, a 2016 kuma Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto Glenna Gordon ta fitar da littafin hotuna a kan marubuta mata na Kano.

Shi kuwa sauraro ba baƙo ba ne a wurinmu. Kafin boko akwai tatsuniya a tsakar gida, bayan boko kuma gidajen rediyon Kaduna da Kano sun yi ta karanta littattafai ga wanda bai shiga aji ba. Ina tuna yadda yayata ke karanta wa iyayenmu mata littafin haya bayan sallar isha'i, ana kashe fitila da zarar an ji motsin Baba. Abin da waya ta yi shi ne ta ɗauko wannan zaman ta sa shi a aljihu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata ita ma ta bi wannan hanya, tunda ana karanta zaɓaɓɓun labaran a rediyo.

To ƙanwata, ga shawarata. Fara da Jiki Magayi, za ki gama shi tsakanin Harlem da Brooklyn, zuwa da dawowa. Bi shi da So Aljannar Duniya. Sai Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya. In Hausar ta yi wuyar samu, fassarar tana nan a littafi guda, kuma za ki iya ba abokiyar ɗakinki aro. In Da So Da Ƙauna kuwa a ajiye shi sai hutu.

Akwai abu biyu da nake roƙo a wurinmu duka. Na farko, kafin mu saurari littafi mu bincika ko mai karantawa ya nemi izinin marubuci, domin akwai masu kwasar gumin wasu suna cin riba, mai littafi ko sisi bai gani ba. Na biyu, yawancin littattafan nan an buga su ne a takarda mai arha, suna ruɓewa a cikin akwatunan iyayenmu. Duk wanda zai je gida hutu, ya taho da biyu ko uku mu haɗa a ofishin ƙungiya. Yaran da na gani a wurin sunan nan suna jin Hausa amma da Ingilishi suke amsawa, kuma na tabbata in muka zauna muka karanta musu da bakinmu, wani abu zai zauna. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya maishe mu gida lafiya.