Ingilishin da ya shigo ta tasha

A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano. Ko taku guda na ƙarfensa bai shigo ƙasar Nijar ba, amma ya bar alama a bakin mutanen Maraɗi da Damagaram. Yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906 sun raba ƙasar Hausa tsakanin Faransa da Ingila, sai dai hanyar teku mafi kusa ta kudu take. Saboda haka raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, suka riƙa sauke buhunan gyaɗa a Kano, sannan a Ƙaura Namoda daga 1929 da Nguru daga 1930. Falke yakan tafi da gyaɗa da fata, ya komo da atamfa da kananzir, da kuma kalmomin da bai biya ko anini a kansu ba.

Darasin farko na kuɗi ne, domin wanda bai iya shi ba ya sha cuta a wajen awo. Kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Sisi rabin sule, taro rabin sisi. Ɗan kasuwar Maraɗi ya riƙe lissafi biyu a kansa: tamma da dala a gida, sule da fam a ƙetaren iyaka. Haka aka tafi har 1973, da Nijeriya ta fito da naira.

Babu allo, babu malami: kunne ne ya yi aikin, harshe kuma ya gyara abin da ya ji bisa ƙa'idar Hausa. Inda baƙaƙe biyu suka haɗu a farkon kalma sai a raba su da wasali, inda kalma ta ƙare da baƙi sau da yawa a ƙara mata wasali. Ta haka driver ya koma direba, bucket ya koma bokiti, pound ya zama fam, tun da Hausa ba ta bambanta p da f. Tela, kafinta, soja da ita kanta tasha duk ta wannan ƙofa suka shigo.

Hanya ta biyu ta fi nisa. Tun kafin yaƙin duniya na biyu samarin Adar da na Zabarma ke zuwa cin rani Kurmi, wato ƙasar Gana ta yau, suna dako da talla a zangon Kumasi da Akara. Jean Rouch ya bi sawun irin wannan tafiya a fim ɗinsa Jaguar, wanda ya fara ɗauka a 1954. Ingilishin da suka komo da shi na ciniki ne da gaisuwa da faɗa, yawancinsa buroka. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busiya a 1969, da korar da Nijeriya ta yi a 1983, sun maido da mutane masu yawa gida, kowa da ɗan guzurinsa na kalmomi.

Lakwal ta zo wa Ingilishi a makare. Faransanci ne harshenta, Ingilishi kuwa sai a ajin farko na kwaleji. Masu aikin sa kai na Amurka, ƴan Peace Corps, sun fara koyar da shi a 1962, ƙungiyar kuma ta bar ƙasar a 2011. Abin takaici, littattafan aji sun ɗauki ɗalibi kamar wanda bai taɓa jin wannan harshe ba: yana haddar sunan bokiti ta hanyar fassarar Faransanci, alhali da shi ya ɗebo ruwa da asuba.

Amma gadon kasuwa yana da tarko. Likita a Kano mutum ne, a Maraɗi kuwa galibi wurin magani ne, mutumin shi ne lokotoro. Turanci a Katsina Ingilishi ne, a Damagaram Faransanci ake nufi. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci kafaɗa da kafaɗa a matsayin harsunan aiki, shekara 114 bayan isowar layin dogo Kano.