Kokawa, Dambe ko Takwando: Me Tarihi Ya Ce Mu Koya wa Yaro?

Makalarmu ta wannan mako ta taso ne daga tambayar da iyaye ke yawan yi yanzu daga Bodinga har Shagari: wane horo za a ba yaro ya iya kare kansa? Kafin mu amsa, mu waiwayi yadda magabata suka yi, domin su ba su haɗa wasa da sana'a da yaƙi a ƙwarya ɗaya ba.

Na farko shi ne horon yaƙi. A 1804, a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu Usmanu ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawa na da dawaki da 'yan lifida, jama'a kuwa mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa. Daga baya Shehu ya zauna Sifawa, Malam Abdullahi kuma a Bodinga, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815. Ke nan ƙasarmu ta san kwari da baka da takobi. Amma wannan aikin manya ne, a ƙarƙashin shugaba. A watan Maris na 1903 kuwa, a filin Giginya, bindigar Turawa ta nuna iyakar takobi da jarumta.

Na biyu shi ne dambe. Asalinsa na mahauta ne, waɗanda ke fita gari-gari da kaka. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare ya zama makami, ɗayan ya zama garkuwa, a yi turmi uku, wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa a ce ya yi kisa. Duk wanda ya saurari waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ya san irin kwarjinin wannan fage. Sai dai dambe sana'ar ƙarti ce masu neman suna da abinci, kuma kai da fuska ake nema. Ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara goma ba ta gama ƙwari ba, bai kamata ta riƙa shan naushi ba.

Na uku, wanda aka bar wa yara tun fil azal, shi ne kokawa. Bayan an kai amfanin gona gida, a dandali, da farin wata, tsara ke kama tsara a kan rairayi, manya na kallo. Da zarar wani ya taɓa ƙasa an gama, a tashi a kaɗe jiki. A nan yaro ke koyon dasa ƙafa, da kuɓuce wa riƙo, da faɗuwa ba tare da karaya ba, da haɗiye fushi idan an kada shi a gaban jama'a. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe wannan gado da kyau: tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, inda zakara ke ɗaukar takobi, kuma daga nan aka san su Kantu na Maradi da Issaka Issaka na Dosso.

Wasannin da suka zo daga waje ma a kan wannan turba mafi kyawunsu suke. Judo, wadda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, darasinta na farko shi ne yadda ake faɗuwa lafiya. Takwando ta Koriya kuwa ta kai Chika Chukwumerije ga lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2008, ta kai Abdoulrazak Alfaga na Nijar ga azurfa a 2016.

Don haka uba mai zaɓa wa ɗansa ya fi kamata ya dubi malamin kafin sunan wasan. Yana haɗa yara tsara da tsara? Yana hana dukan kai? Yana barin iyaye su zauna su gani? Yana hukunta wanda ya je ya gwada a kan ƙannensa? Idan malami ya ce zai mayar da yaro mai gamawa da mutum goma, a kama hannun yaron a yi gaba.

Gaskiya ɗaya kuma mu faɗa wa yaranmu, musamman a wannan zamani na rashin tsaro: horo yana maganin cin zalin tsara da mai fizgar hannu, ba ya maganin wuƙa ko bindiga. A nan gudu da ihu da sanin inda za a ɓuya su ne kariya. Darasin Giginya ke nan.

Mu ma masu alƙalami da namu nauyin. Jarumin labarin da ke watsa 'yan fashi da hannu banza, yara na karantawa suna gaskatawa. Mu rubuta musu jarumin da ya san lokacin tsayawa da lokacin kaucewa.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya. Sai na ji ra'ayoyinku.