Yumɓu a Hannun Magini: Darasi daga Tarihin Bishara a Ƙasar Katsina da Daura

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu ginin tukwane ya san randa ba ta samuwa a yini ɗaya. Sai an haƙo yumɓu, an jiƙa shi, an tattake shi, an gina, an bar shi ya sha iska, sa'an nan a kai shi wuta. Da wannan sana'a Ubangiji ya koya wa annabi Irmiya yadda yake aiki da jama'arsa (Irmiya 18:1-6). Manzo Bulus kuma ya nuna inda aikin ya dosa, wato masu bi su ɗauki kamannin Almasihu (Romawa 8:29). Muna karanta wannan koyarwa a aji, amma tana nan kuma cikin tarihin ƙasarmu. Ma'aikacin da za a tura Daura, ko Zango, ko Mai'aduwa, ya kamata ya san wannan tarihi.

Shekarun jira

A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wadda ƙasar Hausa ke cikinta. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida shi kaɗai. Sai a 1902 mishan ɗinsu, wadda daga baya aka sani da SIM, ta kafa tasharta ta farko a Patigi. A 1903, bayan cin Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba. Daga nan aka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi, har da Katsina da Daura.

A idon mutum shekarun nan asara ce. Amma a cikinsu ne 'yan mishan suka zauna suka koyi Hausa. Likita Walter Miller na CMS, wanda ya zauna Zariya tun 1905, ya duƙufa kan fassara tare da abokan aikinsa, Hausawa da Turawa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Allah ya shirya Littafin kafin ya buɗe ƙofar.

Ƙofar da ba wanda ya zata

A 1934 aka haɗa masarautun Katsina da Daura suka zama lardi ɗaya. A wajen 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Sarkin Daura Abdurrahman, gwamnati da En'e suka amince SIM ta riƙa kula da zangon kutare na lardin a Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. An gindaya sharuɗɗa, ciki har da hana wa'azi a kasuwa da kusa da masallaci. Ke nan bayan fiye da shekara arba'in ana jira, ƙofar da ta buɗe ita ce ta mutanen da kowa ke gudu, waɗanda karin maganarmu ma ba ta raga musu ba.

Maganin kuturta na lokacin allurar wani man itace ce daga Asiya, mai zafi, kuma sai an yi shekaru ana karɓa. Saboda haka majinyaci ba ya zuwa yau ya koma gobe. A can yake noma, a can yake koyon karatun boko, a can yake ganin halin masu wanke masa gyambo, safe da yamma. Yawancin majinyata sun karɓi magani sun koma gida da addininsu. Kaɗan ne suka ba da gaskiya. Da ƙwayar dapsone ta yaɗu a shekarun 1950, aka buɗe ƙananan wuraren shan magani a ƙauyuka, kuma daga cikin waɗanda suka warke aka sami ma'aikatan ba da magani, da masu koyar da karatu, da masu bishara.

A 1954 aka kafa ECWA, jagoranci ya soma komawa hannun 'yan ƙasa. Bishara ta sami karɓuwa a tsakanin Maguzawa, musamman wajen Malumfashi. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitoci da makarantun mishan, a yau ma an fi sanin Babbar Ruga da aikin yoyon fitsari. Gine-gine sun sāke hannu, amma mutanen da aka gina suna nan. Angilika ta kafa dayosis a Katsina a 1990, Katolika kuma a 2023, da Bahaushe, Gerald Mamman Musa, a matsayin bishop na farko.

Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, Allah yana gina mutum da jira. Faston da ya tarar da mutum goma sha biyar a sujada a ƙasar Daura, yawancinsu baƙi da aiki ya kawo, kada ya auna kiransa da yawan kujeru. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, Allah yana gina mutum cikin rauni. Bulus ya kwatanta mu da tukwanen ƙasa masu ɗauke da dukiya, domin a san ikon na Allah ne (2 Korintiyawa 4:7). Wannan ba ya nufin ciwo abin so ne, ko a mai da gadon majinyaci tarko. Jinƙan da aka ɗaura wa sharaɗin tuba ciniki ne, kuma maƙwabtanmu Musulmi suna gane bambancin.

Na uku, Allah yana gina mutum ta wurin Maganarsa da zaman yau da gobe. Taron farkawa na kwana uku yana da amfaninsa, amma ba ya maye gurbin ajin baftisma, da karatun Littafi a gida, da zumuntar mata, da ziyarar fasto.

'Yan'uwa ma'aikata, mu tuna mu ma yumɓu ne. Magini yana aiki a kanmu ta hannun ikilisiyar da ya ba mu kiwo.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane jinkiri ne a hidimarka wanda daga baya ka gane shiri ne?
2. Su wane ne ake gudu a garin da kake hidima, kuma me ikilisiyarka take yi musu?