Ɗakin Girkin Mugal da Sunan da Ya Bari a Indiya

A gidajen cin abinci na Delhi da Landan da Dubai, kalmar "Muglai" ta zama laƙabin duk wata miya mai kauri da ta sha tumatir da barkono da man shanu, ana kuma sayar da ita a matsayin cimar sarakunan daular Mugal. Rubuce-rubucen da suka fito daga fadar kanta ba su goyi bayan wannan iƙirari ba. Abin da daular ta bar wa Indiya shi ne tsarin da ya haɗa dabarun girkin Farisa da Asiya ta Tsakiya da madara da sukari da kayan ƙamshin Indiya a tukunya ɗaya, kuma yaɗuwar wannan tsari ta fi ƙarfi bayan da daular ta raunana.

Babur, wanda ya kafa daular bayan ya ci Sarkin Delhi Ibrahim Lodi da yaƙi a Panipat a 1526, mutumin kwarin Fargana ne, kuma a littafin tarihin rayuwarsa, Baburnama, ya koka kan rashin inabi da kankana mai daɗi da ƙanƙara da burodi na kirki a Hindustan. Ɗansa Humayun ya nemi mafaka a fadar Shah Tahmasp na Farisa a 1544, ya dawo ya karɓi Delhi a 1555 tare da ma'abota sana'a da ɗabi'un fadar da ta saukar da shi. Sai dai ba fage ne wofi suka tarar ba. Tun ƙarni na 14 Ibn Battuta ya ga ana cin sambusa a fadar Muhammad bin Tughluq, kuma littafin girki na Ni'matnama, wanda aka tsara wa Sarkin Malwa Ghiyath Shah wajen 1500, ya riga zuwan Babur.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin Ain-i-Akbari, kundin tsarin mulki da Abul Fazl ya rubuta wa Sarki Akbar, ɗan Humayun, a ƙarshen ƙarni na 16. A can ɗakin girki ma'aikata ce ta gwamnati mai ma'aji da magatakarda da masu ɗanɗano, a ƙarƙashin wani jami'i da ake kira Mir Bakawal, wato shugaban girkin fada. Idan abinci ya nuna, sai a ɗanɗana shi don tsoron guba, a ɗaure kwanukan zinariya da azurfa da jan ƙyalle, na tagulla da na tangaran da fari, Mir Bakawal ya buga hatiminsa kafin a ɗauka zuwa gaban sarki. Abul Fazl ya kasa girke-girke 30 gida uku: waɗanda babu nama a cikinsu, waɗanda ake dafa nama da shinkafa ko alkama tare, da waɗanda nama ne da kayan ƙamshi. Kashi na farko sunansa "sufiyana", wato cimar kamewa irin ta Sufaye, kuma a cikinsa akwai khichri, dafa-dukan shinkafa da wake na talakan Indiya, da sag, miyar ganye. Akbar da kansa yakan ƙaurace wa nama a wasu ranaku, ruwan kogin Ganga kuma yake sha ko a gida ko a tafiya. Sarkin da ake tallar gasasshen nama da sunansa a yau ya ba cimar da babu nama kashi ɗaya cikin uku na kundin girkinsa. Tumatir da barkono da dankalin Turawa kuwa, amfanin gonar nahiyar Amurka ne da suka shigo ta hannun 'yan Fotugal, ba su kuma cikin waɗannan girke-girke; zafin abincin fada daga masoro da citta yake fitowa.

A fannin kayan zaƙi ne haɗuwar ta fi bayyana, domin sunayen na Farisa ne, jikin kuwa na Indiya. Indiya ta daɗe da sanin daskarar da ruwan rake, har kalmar Sanskrit "sharkara" ce ta bi ta Farisanci da Larabci ta zama "sukari" a bakin Bahaushe, kamar yadda "halwa" ta Indiya da "alewa" ta Hausa suke da tushe ɗaya na Larabci. Ta kuma san khoya, wato madarar da ake tafasawa ana juyawa a babban kasko har ruwanta ya ƙone ta zama curi. Baƙi daga Farisa da Asiya ta Tsakiya sun zo da ruwan wardi da busasshen inabi da 'ya'yan itatuwa masu ɓawo. Daga nan "barfi", wadda sunanta ya fito daga kalmar Farisanci ta dusar ƙanƙara, ta zama khoya da sukari da aka yanka murabba'i, "gulab jamun" kuma ta zama curin khoya da aka soya aka jiƙa cikin ruwan sukari mai ƙamshin wardi. A girkin zard birinj, shinkafa mai launin ɗorawa da ta zama zardar bukukuwan aure a yau, Abul Fazl ya sa sukari ya kai rabin nauyin shinkafar, ga man shanu da kirfa da za'afaran. Kulfi, daskararriyar madara da ake rufewa cikin ƙaramin mazubi, tana buƙatar sanyi, kuma kundin ya bayyana yadda ake kawo ƙanƙara daga duwatsun arewa zuwa Lahore, da yadda ake sanyaya ruwa da wani gishirin ƙasa da ake haɗa albarushi da shi. Jalebi dai, duk da yawan jingina ta ga Mugal, ta riga su shiga ƙasar.

Muddin daular tana da ƙarfi, wannan girki yana kulle a bayan ganuwa. Da Nadir Shah na Farisa ya wawashe Delhi a 1739, dukiya da masu sana'a suka koma fadojin lardi. A Hyderabad, inda Nizam-ul-Mulk ya kafa mulkinsa a 1724, biryani, wato dafa-dukan shinkafa da nama, ta ɗauki yaji da tsamin kudu. A Lucknow, wadda ta zama babban birnin Awadh a 1775, aka ƙware a dabarar "dum", wato a liƙe murfin tukunya da kwaɓaɓɓen gari, a ɗora garwashi a sama, a bar nama da shinkafa su nuna a hankali cikin tururinsu. Da Turawan Ingila suka tuɓe Sarkin Awadh Wajid Ali Shah a 1856, ya koma kusa da Kalkata da mutanensa, biryanin Kalkata kuwa har yau da dankali take fita.

Bayan boren da aka yi wa Turawan Ingila a 1857 da korar Bahadur Shah Zafar, sarkin Mugal na ƙarshe, zuwa Rangun, masu girkin fada suka rasa ubangida, sana'ar ta sauko kasuwa, inda gidan abinci na Karim's da aka buɗe a 1913 kusa da Masallacin Jama na Delhi ya zama sanannen misali. Jar miyar kaza mai man shanu da tumatir, wadda duniya ta fi sani da sunan Muglai, ana danganta ta ne da gidan abinci na Moti Mahal, wanda 'yan gudun hijira daga Peshawar suka kafa a Delhi bayan raba ƙasar Indiya a 1947, shekara 90 bayan faɗuwar sarki na ƙarshe.